Burtun da Ya Yi Mini Magana

Shekarar da na sayi kyamara mai dogon baki, duk Sabon Layi ba wanda ban yi wa lacca a kan tsuntsaye ba. Da shamuwa suka fara dawowa gab da damina, na faɗa wa ƴan majalisarmu cewa zan kawo hoton da Mubi ba ta taɓa gani ba.

Na sauka bakin mayo a bayan Wuro Patuji. Shamuwar nake nema, sai ga kan burtu yana leƙowa daga cikin ciyawa, baƙi wuluk, da jan maƙogwaro. Na kwanta rub da ciki cikin farar shaddata, ina jan jiki a taɓo ina ɗauka. Da zabin daji suka tare mini shi, har tsakuwa na jefa musu suka watse. Ina ta yaba wa kaina, wai tsuntsu ma ya san gwani, shi ya sa bai gudu ba.

Sai burtun ya yi tari, ya miƙe tsaye da bindiga a hannu. Baba Hammadu ne maharbi, maƙwabcin surukina, ya ɗaura kan burtu na itace a goshi yana lallaɓar zabin da na kora.

"Ɗana," ya ce, "ka gama, ko in juya maka ɗaya gefen?"

Kaji biyu na saya masa, amma labarin ya riga ni isa gida. Har yau in na rataya kyamara, sai wani a majalisa ya ce, "Malam, ka fara yi masa sallama, ko zai amsa."