Taurarin da Ladan Ya Kashe

Ni ba mai cewa "tabbas" ba ne. Ko lokaci aka tambaye ni, da "wataƙila" nake farawa. Sau ɗaya na saki baki, kuma a gaban surukina.

Na dawo Kurugu daga jami'a da ɗan madubin hangen taurari. Na karanta cewa akwai tauraron da ido ke gani ɗaya, alhali biyu ne. Kwana uku ina bin taswirar sama a waya kafin na gayyaci Malam, mahaifin matata, wanda har lokacin bai ga amfanin karatuna ba.

Bayan isha'i na saita madubin can ƙasa-ƙasa ta gabas. Ga su nan su biyu, ɗaya fari, ɗaya ja-ja.

Na ce, "Baba, babu shakka su ne. Haskensu shekaru yake yi a hanya kafin ya iso mu."

Malam ya sa ido, ya daɗe. Sai ya ce, "To, ɗaya dai ya mutu."

Na leƙa. Ina kallo na biyun ma ya ɗauke. Na hau salati, don na ɗauka a gabana taurari biyu suka ƙare.

Malam ya bi saitin madubin da ido, ya ce, "Fitilun sola ne na masallacin ƙauyen can. Ladan kan kashe su in an watse."

Bai sake tada maganar ba. Matata ce har yau, da ta ji kiran isha'i, sai ta ce, "Malam Babu Shakka, hanzarta ka duba sama kafin ladan ya rufe."