Karfasata Ta Ƙi Mijin Gwamnati

Jama'a, yau da safe matata ta kama ni durƙushe a bakin kwamin siminti ina lallashin kifi. Ba hauka na yi ba. Macen karfasa gare ni, ƙosasshiya, cikinta fal ƙwai, kuma idan sanyi ya shigo ba ta zuba su ba, kiwon bana ya tashi a banza.

Miji ne matsalar. Watan jiya Mai Girma Uban Masu Rabo ya zo ƙaddamar da shirin ingantaccen irin kifi. A gaban kyamara aka ɗaga wani namijin karfasa mai sheƙi kamar an shafa masa mai, muka yi tafi har hannu ya yi zafi. Da aka watse, aka mayar da shi mota, wai gobe yana da wani taron. Ni kuwa aka miƙo mini wani a leda, kai ya fi jiki, ido zuru-zuru.

Shi namijin karfasa rami yake share wa a ƙasan ruwa, ya yi ta rangaji, mace ta zo ta duba. Nawa ya share rabi ya kwanta haki. Ta zagaya shi sau ɗaya ta yi gaba. Wallahi sai da na ji masa kunya.

Na garzaya ofis. Jami'in ya gyara tumbi ya ce, "Malam, ai mace jiki take dubawa. Ka ba shi abincin da muka raba."

"Ranka ya daɗe, wane abinci?"

"An raba a takarda," in ji shi. Ya haɗa ni da shaidar inganci mai hatimi biyu.

Na dawo na karanta wa karfasar tawa a bakin ruwa. Ko juyowa ba ta yi ba.

Maƙwabcina mai faci ya leƙo ta katanga. "Kai, bar wahalar da baiwar Allah. Ga wani na kamo a rafi, bai taɓa ganin ofis ba."

Muka jefa shi. Kafin azahar ya share rami, ita kuma ta daina yanga. Raina ya yi fari tas.

Yanzu jami'in ya bugo waya, wai gobe za su zo ɗaukar hoton nasarar shirinsu. Na ce bismilla. Matata dai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ita ta duba kafin ta zaɓa. Mu fa?"

Ina fata zaɓen ƙuri'a take nufi.