Fiiit a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na tsufa na rikice, da hutun da na zo garinmu Dogo-Dogo da injin tauraro a cikin jakata.

Lokacin ina karatu a waje, a sashen da ake gwada ƙananan injinan da ke tura taurarin ɗan'adam. Taurarin namu ba su fi bulo girma ba, injin kuwa kamar gwangwanin tumatir yake. Can sama babu abin da ke tare tauraro, ɗan hucin iska ya isa ya juya shi. Wannan bayanin ne ban yi wa kowa ba. Na dai riƙa cewa "muna harba taurari" (ina faɗi ina gyara wuyan riga).

Duk saboda Hauwa ne. Mahaifinta, Malam Isufu, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba a san sana'arsa ba. Na aika masa cewa ya zo ya gani da idonsa.

Ya zo, rabin gari ya biyo shi, har da wani da ya taso daga Guci a kan moto. Kowa ya taɓa ganin roka a tele, don haka aka kore awaki, aka jera bokitan ruwa kusa da rumbuna. Ni kuma, maimakon in ce ba a buƙata, sai na ce a ƙara ja da baya. Malam Isufu kaɗai na shimfiɗa wa tabarma dab da ni, don girmamawa.

Na rataye injin da zare a reshen bishiyar bedi. Na ce kowa ya yi shiru. Na juya wa jama'a baya, na duƙa, na danna maɓalli.

Fiiit.

Wallahi injin ya yi aikinsa, zaren ma ya ɗan karkata. Amma babu wuta, babu hayaƙi, kuma jikina ya kare shi. Abin da jama'a suka gani saurayi ne a duƙe, abin da suka ji kuwa kun ji shi.

Goggona ta dafe ƙirji. "Kai, yaron nan! A gaban surukai?"

"Goggo, injin ne!" Don in wanke kaina na sake dannawa, ban ko miƙe ba. Fiiit. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malam Isufu ya ja bakin rawaninsa a hankali ya rufe hanci. Ya ce, "Ba komai, ɗana, tsoro ne, kowa na yi. Kwantar da hankalinka ka tayar da injin, muna jira."

Daga baya ya ba ni Hauwa. Wai wanda bai gudu ya bar gari ba bayan wannan, ba zai gudu ya bar mata ba. Har yau in wani abu ya yi ƙara a gidanmu, sai ta dube ni ta ce, "Na sani, injin ne."

Yanzu ni ke koya wa ɗalibai gwajin. Darasina na farko ba ya canzawa: ka faɗi girman abinka tun da wuri, kuma kafin ka danna, ka fuskanci jama'a.