Rasuwar Rariya, Mai Riƙe da Awon Mutanen Babban Tela

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, Babban Tela da duk masu taka keke a shagonsa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Rariya, manhajar nan da ke zaune cikin tsohuwar kwamfuta a lungun shago, bayan teburin yanka. Ta cika ranar Litinin da hantsi, tana da shekara tara.

Marigayiya mai riƙon amana ce. Kafaɗa, ƙirji, tsawon hannu, faɗin wuya, na mutum dubu ɗaya da ɗari huɗu duk suna cikinta, kuma ba ta taɓa fallasa ƙugun kowa ba. Mutum yana wata ƙasa sai ya aiko da yadi kawai. Babban Tela ya danna da yatsa ɗaya, ta yi "wuuu" ta yi "ƙit", ta fito da mutumin kamar yana tsaye a gabansa.

Ɗan ƙanwarsa ne ya haɗa ta, kafin aiki ya tafi da shi jirgin ruwa. A lokacin ya so ya raɗa wa kowane umarni cikakken suna: wannan na ajiye waɗanda aka zaɓa, wancan na zubar da waɗanda aka zaɓa. Kawun ya ce shi ba jarida ya zo karantawa ba, a gajarce masa. Aka gajarce. Aka samu tace, tace2, tace_sabo, da tace_na_gaske. Babban Tela ya roƙi a rubuta wannan a sanarwa, don kada a ɗora wa wani laifin.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Nauyi ne ya fara kama ta, a tambaye ta wuyan mutum ɗaya sai an gama ɗinka aljihu kafin ta amsa. Babban Tela ya ga ya kamata a rage mata kaya, a sallami waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ya zauna da tabarau ya zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, mutum sittin da uku, yana yi musu addu'a. Sai ya tsaya tsakanin tace da tace2. An kira ɗan ƙanwar yana tsakiyar teku, shi ma ya ce ya manta, amma yana jin na farkon ne.

Na farkon aka danna. Ta yi "ting", irin wanda take yi in ta gama aiki lafiya. Ta ajiye matattu, ta zubar da masu rai. Mai gyara ya zo ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya sha ruwa ya tafi.

Ta bar awon mamata sittin da uku, cif-cif, ba wanda zai sake ɗinki a cikinsu. Ta bar tace2, tace_sabo da tace_na_gaske, marayun da har yau ba a san sana'arsu ba. Ta kuma bar farin yadi a shimfiɗe kan tebur, na angon da za a ɗaura wa aure ranar Asabar, wanda ba zai sauka gari ba sai safiyar ranar, wayarsa kuma ba ta shiga. Kakansa a shagon ya yi ɗinki, ubansa ma haka. Awon kakan yana nan.

Za a yi zaman makoki a shago daga Laraba zuwa Juma'a. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su sa kaya marasa nauyi, domin akwai tef a bakin ƙofa, kowa zai ɗaga hannu a gwada shi kafin ya zauna. Dangin ango, duk wanda ke da tsohuwar rigarsa, ko ta yage, ya taimaka ya zo da ita.

Babban Tela ba zai iya tashi tarbar kowa ba, a yi masa uzuri. Yana gaban yadin da almakashi a hannu, tun Litinin bai yanka ba.