Ragon Diyyar Shagona

Kada ku wahala neman wawan labarin nan, ni ne.

A mahkama, wato kotu, muka yi sulhu da Alhaji Bukar: in biya rabin bashinsa kaɗan-kaɗan, saura sai in diyyar shagona da aka rushe a unguwar Harra ta fito. Na gama biyan rabin, alƙali ya ce halas, wato an gama. A ɗan karatuna, halas ta cinye komai.

Da diyyar ta fito na yanka rago, na gayyato Bukar musamman ya ga na farfaɗo. Ya ci, ya ce mabruk, wato barka. Ranar Asabar sai ga sammaci.

Na tambayi matata Hajiya, "Wane munafuki ya tsegunta masa?"

Ta ce, "Wanda ya zaɓar masa cinya."