Damina Ta Ƙi Bin Manhaja

Ranar Talata na bar gyaran gona na hau kekena cikin zafin bazarar nan har makarantar 'yata Maijidda, da takardar jarrabawarta a aljihu. Yarinyar nan tun tana tatata take bina gona a hanyar Zango, amma wai ta faɗi a darasin noma, kuma in ba ta gyara ba za ta maimaita aji uku. Kwana biyu ta yi ba ta ci tuwon kirki ba. Ta ce wa uwarta Murja ita ta haƙura da bokon.

Ga laifinta. An tambaya wane wata damina ke farawa, ta rubuta Yuni, aka zabga mata jan biro. An tambayi babban abin da manomi ke nomawa, ta ce gero, nan ma jan biro.

Na tarar da malaminsu, Malam Kalilu, a gindin darbejiya yana fifita da littafi. Bayan mun gaisa na ce, "Malam, a gonarka yaushe kake shuka?"

Ya ce, "In ruwa ya sauka, Malam Sada. Yuni, wani lokacin har Yuli."

"To me yarinya ta yi?"

Ya buɗe littafin da yake fifita da shi ya nuna mini. Damina: Maris. Babban amfanin gona: koko. Na ce ai koko damawa ake yi, ba shukawa ba. Ya ce wannan wani kokon ne, itace ne a can kurmi, shi ma a hoto ya san shi. Ya sassauta murya ya ce, "Wallahi na san gaskiyarta. Amma takardar amsa daga sama take zuwa. In na ba ta maki, ni za a kira."

Daga sama! Jama'a, ku taya ni jinjina wa Ranka-ya-daɗe Mai Babban Teburi, gwanin tsara manhaja, wanda ya zauna a ɗaki mai sanyi ya yanke wa ƙasar Daura ranar saukar ruwa. Da zarar ya je taro ƙetare sai ya dawo da sabon tsari, a canza bangon littafi, a ƙara masa suna mai tsawo. Ba a taɓa jin ya tako Mashi ko Mai'adua ya tambayi tsoho ɗaya yadda ake karanta hadari ba.

Malam Kalilu ya ja ni bayan ajujuwa ya nuna mini gonar makaranta. Umarni ne ya zo a rubuce cewa a yi shuka bisa manhaja, don ɗalibai su koya a aikace. Suka shuka masara a Maris. Sati uku 'yan mata suna barin darasin lissafi suna jido ruwa a bokiti daga famfon tuƙa-tuƙa. Abin da ya tsiro rana ta soye shi. Mai duba makarantu ya zo, bai ko fito daga mota sosai ba, ya rubuta cewa an aiwatar da shiri cikin nasara, sai dai ruwan sama ya yi jinkiri.

Ni dai ba haka na koyi noma ba. Ubana bai taɓa ce mini in haddace wata ba. Tona ƙasa yake yi da yatsa, ya ce in duba iya inda laima ta kai. In na yi gaggawar shuka a ruwan farko sai ya ƙyale ni in ga abin da zai faru, don baɗi ba sai an faɗa mini ba. Maƙeri haka yake koyar da ɗansa, haka masaƙi. Malamin da ya biya mana karatu a zaure ba ya wuce aya sai ya ga ta zauna. A da ilimi shi ne ka san abin da ke gabanka. Yanzu kuwa ka ƙaryata idonka da turanci mai kyau.

Da na dawo gida na ce wa Maijidda, "Ki rubuta musu Maris ɗin, ki wuce abinki."

Ta ɗago kai ta ce, "Baba, a Islamiyya an ce shaidar zur tana cikin manyan zunubai. In na rubuta abin da na san ba haka yake ba, mene ne sunansa?"

Shekara biyu ke nan muna murna Shari'a ta zo, manya suna hawa mumbari suna yi wa mai awo wa'azin tauye mudu. Madalla. Amma wanda ya tauye wa yara dubu gaskiya a aji, shi wace kotu ake kai shi?

Murja ce ta raba gardamar daga bakin murhu. Ta ce, "Ke ba cewa za ki yi kin gani ba. Ki faɗi wanda ya faɗa, ki bar shi da Allah."

Jiya aka sake jarrabawar. Kowace amsa Maijidda sai ta fara da "Littafi ya ce". Littafi ya ce Maris. Littafi ya ce koko. Malam Kalilu ya karanta, ya yi dariya har da hawaye, ya ba ta makinta cif. Ta wuce, ta ci tuwo har da ƙari. Sai dai na ga yadda ta ajiye littafin, kamar wadda ta gama ciniki da mutumin da ba za ta sake yarda da shi ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Da safen nan na ji a labarai cewa gonakin makarantu sun yi albarka bana, har za a karrama Ranka-ya-daɗe. Ina taya shi murna da zuciya ɗaya. Masarar kuwa kan kowace ya kai damtse. Rediyo ya ce.