Ranar da Na Kwanta a Kwaɓin Malam Sale

Laifin wani alhaji Baturke ne. Ya zo shagona na ɗinki a unguwar Bab Makka da ke Jidda, ya ga ina dafa gwiwa in zan tashi, ya ce a ƙasarsu attajirai kan tafi hutu lokacin sanyi, su kwanta cikin laka, su tashi garau.

A sanyin shekarar aka yi ruwa kwana biyu a Jidda. Da ya ɗauke, na leƙa bayan gidanmu a unguwar Karantina, sai ga laka cike da rami, mai laushi kamar ƙullun waina. Na ce wa matata, "Abin da Turkawa ke yi wa tafiya, Allah ya kawo mini har gida."

"Malam, anya kuwa?" ta ce.

"Ke dai ɗora shayi."

Na tuɓe sai gajeren wando, na shafe jikina har gemu, na kwanta. Wallahi da daɗi. Rana ta fito, barci ya kwashe ni.

Salatin maƙwabcinmu, Malam Sale magini, ne ya tashe ni. "Wa ya shigar mini kwaɓi? Da siminti a ciki fa!"

Na yunƙura, na ji ni kamar katanga. Mutum uku suka ciro ni, ana kwara ruwa, Malam Sale na kankara da cokalin gini. Da ya iso haɓa ya ce, "Halas, shi ke nan, gemun nan ya tafi." Almakashina aka sa wa gemun.

Gwiwar tana nan da ciwonta. Har yau kuma duk mai ta da katanga a unguwar sai ya yi mini sallama: "Alhaji Tubali, saura guda ɗaya mu gama. Kana kusa?"